Kawu Bawa Bai Gani Ba

Duk wanda ya zauna da Kawu Bawa a Ƙofar Taramniya ya san ba a gama ba shi labari. Da ka fara sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Da idonka kag gani, ko ji kay yi?" Ko ruwa aka kwana ana yi, in Inna matarsa ta ce an sha ruwa, cewa yake shi dai ya ji ƙara a kan rufi, ya kuma ga ƙasa ta jiƙe.

Ya ɗauko halin ne a shekarun farko na zuwan Turawa, lokacin da yake wa wani Baturen Holan dillancin fatun awaki. Ya tsinci harshensu kaɗan, kuma jimla ɗaya ce ta shiga ransa: "Ik heb hem zien komen," wato na ga zuwansa. Yakan ce su can, gani da abin da aka gani a jere suke tafiya a ƙarshen magana, kamar jakai biyu a igiya ɗaya, babu mai barin wani. Inna kuwa cewa take jakin na uku shi ne mai faɗar.

Dariya muke ta yi har abin ya zo kaina. Na nemi auren Hajo, 'yar Malam Haruna mai goro, shi kuma ya ce ba zai ba da 'yarsa ba sai ya ji halina daga bakin Kawu, tunda gari ya san ba ya ƙari. Na saki jiki, ai Kawu ƙanen uwata ne.

Malam Haruna ya tambaye shi ko ina da sana'a. Kawu ya ce, "Na ga Ummaru yana cin tuwo, na ji shi yana munshari. An ce yana jimar fata, amma ban gani ba."

Maganar aure ta tsaya cak. Na je wurin Kawu ina huci, na ce ai kullum da safe yana ganin fitata zuwa majema. Ya ce fita ya gani, bai ga isa ba.

Washegari sai ga shi a majema da 'yar tabarmarsa. Mutumin da ko warin daddawa ba ya so ya zauna a bakin ramin jima, ya toshe hanci da gefen rawani, yana kallona ina kankare gashi har rana ta faɗi. Haka ya yi ta zuwa, har Inna ta hana shi shiga ɗaki da rigarsa saboda wari. Daga nan ya wuce wurin Malam Haruna ya ce, "Na gani." Shi ke nan, aka sa rana.

Da tsufa idonsa ya tafi. Ran da na kai masa ɗanmu na fari, ya shafa fuskar jaririn, ya daɗe, sannan ya ce, "Na ji shi, Ummaru. Wanga karon ya ishe ni."

Allah ya jiƙan Kawu Bawa. Aljannar da ya yi ta jin labarinta, Allah ya nuna masa ita da idonsa.