Kifi a ɗakin siracen Mma

Jama'a, yau an gama da ni!

Kun san rumfar kwanon nan ta bayan gidanmu, wadda na mayar ɗakin sirace saboda ciwon gwiwar Mma, mahaifiyata. Na lulluɓe cikinta da katako, na kafa benci hawa biyu, wani mai walda a Magazine, unguwar makanikai, ya haɗa mini murhu. Yau ne kunnawar farko. Na hura gawayi, na jera duwatsu a kai, na tafi La'asar kafin su yi zafi.

Da na dawo, tun daga lungu nake jin ƙauri!

Na buɗe ƙofa. Kifi! Benci sama da ƙasa duk kifi, mai na ɗiga yana shiga katako. Ga Anti Fati maƙwabciyarmu tsaye tana juya su.

Na ce, "Anti, mene ne haka?"

Ta ce, "Ah ah, na ga wuta na ci babu komai a kai. A gidan nan wa ke barin wuta ta ci a banza? Wurin banda ne mai kyau paa!"

Na goge da sabulu, na bi da lemun tsami. Ina watsa wa duwatsun ruwa, tururi ya tashi da ƙarni.

Duk da haka na shigar da Mma. Ko zama ba ta yi ba ta fito tana kakarin amai, wata mage na bin zanenta.

Na ce zan sake katakon duka. Ta ce, "Bar shi, ɗana, gwiwa na saba da ita. Na riga na ce wa Fati ta kawo kifin gobe."