Ba a Raba 'Yan Biyu

Ranar wata Asabar cikin kakar 2009, ina tsaye a ƙofar gidanmu a Daura, sabuwar rigar ƙwallo a jikina, na ga motar Kawu Sale ta kama hanyar Kano ba ni a ciki. A mazaunin da aka yi mini alkawari, yayana Husaini ne zaune yana shan rake.

Shekarar ce ƙasarmu ta karɓi gasar ƙwallon matasa ta duniya, aka ce har a Kano za a buga. Tun da damina garinmu ba shi da wata hira. A teburin mai shayi wasu na rantsuwa sai an ƙwace gasar tunda filayen ba su kammala ba, wasu na fargabar a ɗauke wuta gaban baƙi mu sha kunya. Limamin unguwarmu kuwa damuwarsa irin shigar da matan Turawa za su zo da ita garin shari'a irin Kano. Kawu Sale, direban Daura zuwa Kano, shi cewa yake arziki ne ya zo, mu na gefe ma sai mun lasa. Ya ce zai tafi da yara biyu, ni da yayana Hassan, don mu ne mayun ƙwallo. Da tsumma da leda muke ɗaure tamu, mu buga a bayan makaranta har yatsu su fashe. Baba ya ce sai an gama roron wake. Na yi roro kamar ba gobe, har na haɗa da kunyoyin Husaini, wanda ko ƙwallo ta nufo shi kaucewa yake.

Da safen tafiya kakarmu Iya ta ji su wa za su. Hassan da Husaini tagwaye ne, ni ne Gambonsu. A gidanmu ko hula aka saya wa ɗaya sai an saya wa ɗayan, don an ce in ran ɗan biyu ya ɓaci kunama ke biyo baya. "Ba a raba 'yan biyu," in ji Iya. "Gambo ai mai haƙuri ne." Duk wa'azin da ake ta yi a kan camfi lokacin, Baba sunkuyar da kai ya yi. Ban taɓa jin ƙyashi irin na ranar ba. Na koma bayan rumbu na yi kuka har na gode Allah.

Washegari suka dawo, muryar Hassan ta dishe don ihu. Na ja Husaini gefe, na ce ya ba ni labarin abin da ya gani daga mazaunina tun daga farko. Ya yi ɗan tunani ya ce, "Akwai rana fa. Ni barci ma na yi."

Yau wasan ko'ina a duniya yana cikin wayata, filin nan na Kano kuwa na shige shi ya fi a ƙirga, amma ban sake ganin garinmu ya haɗa baki yana tsoro da ɗoki a kan abu ɗaya kamar shekarar ba. Tafiyar na yafe wa Husaini tuntuni. Barcin ne har yau ya tsaya mini a rai.