Tankin Baƙin Mai Yana Nan Inda Yake

Jiya a Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Suame, wani Alhaji ya kawo mini tsohuwar motar tsere, irin wadda tankin baƙin manta ke zaune daban, a gefen direba. Wai in mayar da shi but, can bayan motar, yana gasa masa cinya. Ƙaurin man na bugun hancina sai na tuna marigayi maigidana, wanda ya koya mini aikin fita, wato kanikanci.

Ba ya ɗaura tanki sai ya shafa ƙarfen mota da tafin hannu, yana laluben hujin noti na asali a ƙarƙashin tsatsa. Wata rana na ɗauko injin huda ƙarfe, ya cafke mini wuyan hannu da yatsunsa masu kaushi. Ya ce, "Waɗanda suka ƙera ta sun riga ka hudawa. Nemi nasu."

Na ce, "Alhaji, waɗanda suka yi tsere da ita ma haka suka gasu. Ni ba zan yi sabon huji ba."

Ya ce Suame cike take da fitoci. Na miƙa masa makullinsa.

Baba maigidana, Allah ya sanyaya kabarinka. Tankin nan kuwa, in ya matsa, to ba da hannuna ba.