Mai Ƙaguwa a Kasuwar Nausori

Wata tsohuwa tana zaune a ƙasa, ƙaguwa shida a ɗaure a gabanta. Yatsunta duk tabo ne, da alama ta tsufa tana laluben ramukan taɓo a bakin kogi. Jikarta na jingine da ita tana gaigayar dafaffen rogo, gashinta ya yi ja, ga gyambo a ƙwauri.

Wata nas da ta zo cefane ta duƙa tana duban gyambon.

"Iya, tun yaushe?"

"Tun damina, 'yar nan. Ya ƙi warkewa."

"Ƙila sinadarin zink ne ya yi mata ƙaranci, kuma ga shi nan a ƙaguwarki. Ki riƙa dafa mata."

Tsohuwar ta yi dariya. "Wannan ai ta masu otal ce. Mu wa ya ba mu?"

Tana ɗaga babbar ƙaguwar, sai ƙafa ɗaya mai tsoka ta ɓalle ta faɗi kusa da yarinyar. Yarinyar ta daina tauna.

Tsohuwar ta ɗauki ƙafar, ta share mata ƙasa, ta ɗaure ta a jikin ƙaguwar yadda mai saye ba zai gane ba.