Ranar da Shanu Suka Shigo Darasin Turanci

Har gobe ban manta da ranar da mai duba aikinmu ya faɗo ajina a wata firamare da ke Indabo ba. Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, an tura mu koyarwar gwaji. Ga wanda bai sani ba, malami ne daga kwaleji zai zo ba sanarwa, ya zauna a bayan aji yana ba ka maki. In ka faɗi, sai ka maimaita shekara. Wanda aka haɗa ni da shi, Malam Sabo, kowa ya san dokarsa: ba Hausa a darasin Turanci.

Jam'in suna nake koya wa 'yan aji biyar. Book, books. Cup, cups. Yara na amsawa da ƙarfi, ni kuwa har na fara jin kaina. Ina rubuta man a allo, aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Mans!" Na ce a'a, men ne. Child kuma children. Sheep kuwa ko garke guda ne, sheep ɗin dai.

Nan take aji ya mutu. Ladidi, wata mai baki da ke bencin gaba, ta ajiye biro. "Malama, wannan ai rashin gaskiya ne. Yanzun nan kika ce a ƙara s. Mu dai Turancin nan ba iyawa za mu yi ba."

Na sake bayani da Turanci, ba abin da na samu sai idanu. Malam Sabo ya sunkuya yana ta rubutu. Maganar yarinyar ce ta ƙona mini rai, na ce in ma maimaita shekarar ce, a maimaita.

"Ladidi, me babanki yake kaiwa kasuwar kara ran Juma'a?" Da Hausa na tambaya, tsirararta.

"Shanu, Malama."

"In guda ɗaya ce fa?"

"Saniya."

"To don me ba kya cewa saniyoyi?"

Dariya ta ɓarke. Wani daga baya ya ce, "Akuya, awaki!" Wata ta ce tunkiya, tumaki. Mace, mata. Hannuwa ko'ina, har da masu hawa benci. Ladidi ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe mu ma haka namu yake." Ban bari ya huce ba, na koma Turanci: foot, feet, tooth, teeth. Suka dinga wawura kamar an watsa musu gyaɗa. Ni kaina rawa ce kawai ban taka ba don murna.

Bayan an tashi, Malam Sabo ya kira ni ofishin hedimasta, fuskar nan a murtuke.

"Malama Hadiza, kin san dokata?"

"Na sani, Malam."

"Na rage miki maki a kanta, kuma ba zan mayar ba." Ya rufe biro. "Amma kin ci. Sai dai yaranki sun manta doki da dawaki. Tun ɗazu yake cina a baki."

Ku sababbin malamai da za ku shiga aji yanzu, abin da na ɗauka ran nan ke nan: yaran nan ba Turanci ne ya fi ƙarfinsu ba, tsoronsa suke ji. Da sun ga harshen da suka tashi da shi ma yana da irin wannan rigimar, kuma ba su taɓa kuskure a cikinsa ba, to ka kauce musu hanya kawai.