Mai Gadin Sunan Hamman

Kullum da an idar da sallar asuba a Dangora, Malam Maikano mai gyaran rediyo yakan buɗe shagonsa, ya tsuguna bayan wani dogon akwati, ya lalubi wayoyi biyu da ke maƙale a batirin mota. Sai ya tabbata suna nan daram sannan ya nemi koko. Shekara huɗu ke nan bai yi fashi ba. Yanzu da ido ya yi rauni har ya ajiye gyara, na ga bai kamata a bar dattijon nan ba wanda ya ce masa sannu ba.

Akwatin na wasan harbin jirage ne. Ya sayo shi kwance daga Sabon Gari bayan rasuwar matarsa Kande, 'ya'ya kuma duk sun koma birni. Wai don samari ya kawo. Mu da muka san shi mun san shirun gida ne ya ishe shi. Wasan kuwa, jirginka ɗaya ne, na abokan gaba ba iyaka, ka yi ta harbi maki na hawa har su kakkaɓo ka. Mutum goma da suka fi maki sunayensu kan fito a allo, amma da an kashe janareto sai akwatin ya mance da kowa.

Cikin masu zuwa ranar kasuwa akwai Hamman, wani makiyayi daga wajen Burumburum da cuta ta ƙarar masa da garke. Ba ya magana da kowa. Wata rana Maikano ya ce masa, "Hamman, magidanci da kai, me kake samu a nan ne?"

Ya ce, "Baba, a nan ina hango abin da zai kashe ni tun daga nesa. Shanuna kuwa ban ga komai ba, faɗuwa kawai suka yi ta yi."

A 1995 Hamman ya sami kiwon shanun wani, za su wuce Doguwa su nausa kudu. Ranar sallama ya ci makin da ba a taɓa gani ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Baba, ba ni da komai a ƙasar nan sai wannan. In na dawo zan tarar da shi?"

"Za ka tarar, in Allah ya yarda."

Maikano bai kashe janareto ba sai da ya haɗa wa cikin akwatin batiri, yadda ko allo ya mutu sunayen ba za su goge ba. Ya sayi batiri na biyu, don in ɗaya ya tafi caji ɗayan na aiki. Jibrin direba, mai kai masa batirin caji, ya ce ya taɓa makara da kwana ɗaya, sai ya gamu da tsohon a hanya cikin ruwan sama, yana tura keke zai je aron wani. Ya ce masa, "Baba, ka rubuta makin a takarda mana ka huta." Tsohon ya ce takarda kowa ma na iya rubutawa.

Malam Maikano, kai ne mai riƙon amanar da ba mai tambayarka. Samari sun ƙware, suna ta ture Hamman daga na ɗaya zuwa na biyar, zuwa na tara, ranka na ɓaci, amma ba ka taɓa hana kowa wasa ba. 'Ya'yanka sun zo da mota su tafi da kai Kano a duba idon, su riƙe ka a can. Ka ce wa zai canja batiri? Suka yi fushi suka koma, ka kwana kai kaɗai. Wannan abu ya ba ni tausayi ƙwarai.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiya. Mu kuma da muke alkawari da safe mu mance kafin azahar, mu ji kunya mu gyara.

Wanda duk ya san inda Hamman yake, ko a mashaya ko a kasuwar shanu, don Allah ya gaya masa ya zo gida. Tsohon ba ya iya karanta allon yanzu, sai dai ya tare mai wucewa ya ce, "Duba mini, yana nan?"