Gaggafar da Ta Saki Fukafukai

Warin laka da gishiri ne ya tarbe mu a fadamar Ras Al Khor, safiyar wata Juma'a cikin sanyi. Lokacin ina shekarar farko a jami'a, ina zaune wurin yayata a unguwar Abu Hail, can ƙasar Larabawa. Mako uku ke nan ina jan ta zuwa rumfar katakon da ake leƙen tsuntsaye. Ita hoton wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu take ɗauka. Ni kuwa wata gaggafa nake zuwa gani, baƙa-baƙa, mai zama kan busasshen reshe kamar ita aka bar wa gadin ruwan.

Ranar reshen babu kowa. Na yi ta lalube da madubin hangen nesa har na same ta a ƙasa, cikin laka, ta saki fukafukanta biyu, ta sunkuyar da kai.

A gidanmu na Kano, idan kaza ta saki fukafukai haka, Inna ba ta jiran la'asar, wuƙa ake nema kafin ta zama mushe.

"Yaya, mutuwa za ta yi," na ce.

Ta karɓi madubin ta duba. "To sai ki jiƙa mata barkono, likitar kaji."

"Wallahi da gaske nake."

"Ke dai kina da aiki. Yalla, mu tafi, rana tana yi."

Na je wurin mai gadin rumfar, na roƙe shi ya bar ni in tsallaka shinge, ko ya kira wani. Ya leƙa, ya yi murmushi, ya ce, "Shwaiya, shwaiya," wato sannu-sannu, ya koma kujerarsa. Ban taɓa jin haushin murmushi kamar na ranar ba. Na sake ɗaga madubin, na kafa wa gaggafar ido. Duk lokacin da kanta ya motsa, sai in ce na ƙarshe ne.

A haka Yaya ta ja ni muka tafi. Juma'ar da ta biyo baya na ce kaina yana ciwo. Tsoro nake kada in tarar da gashinta watse a laka. Har sanyin ya fita ban koma ba.

Sai a shekarar ƙarshe na nuna hoton gaggafar da Yaya ta ɗauka ranar ga wata 'yar ajinmu da babanta yake kiwon shaho. Ta ce duk tsuntsun farauta, idan ya kama abu, haka yake lulluɓe shi da fukafukai don kada wani ya gani daga sama. Gaggafar karin kumallo take yi.